Injin Iskar Holan da Kududdufan Garinmu



Kowace shekara idan watan Agusta ya kama, labari iri ɗaya muke ji daga garuruwanmu. An tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, katanga ta faɗi, ɗaki ya rufta, hatsin da aka adana ya jiƙe, an kwashe iyalai an kai su makarantar firamare. Sai a zo a raba tabarmi da buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, a watse. Watan Maris na kamawa kuma, garin da ruwa ya ci jiya shi ne za ka ga yaransa sun yi layi da jarkoki a bakin rijiyar burtsatse ɗaya tilo da ta rage tana aiki. Mu mutanen Sandamu da sauran ƙasar Daura mun san fuskokin nan biyu na ruwa: wata huɗu yana korar mu, wata takwas muna bin sa.

Idan aka zauna hira a kan wannan, bakin kowa inji yake ambata. A kawo famfo, a kawo sola, a gina dam. Ra'ayinmu shi ne inji ne mafi sauƙi a cikin abubuwan da muke buƙata. Abin da ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne yarjejeniya a kan inda ruwa zai zauna, da wanda zai kula da kayan aikin bayan an yanke ƙyalle an tafi. Domin kafa hujja za mu leƙa ƙasar da ta fi kowace shahara wajen ƙwato ƙasa daga hannun ruwa, wato Holan.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Holan a kalanda ya ga dogon ginin nan mai fikafikai huɗu a bakin ruwa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka na niƙa ne kawai. Akwai na niƙa, amma masu yawa daga cikinsu famfuna ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matsayin ruwan teku, kuma wani ɓangare na wannan matsala mutanen ƙasar ne suka jawo wa kansu. Shekaru wajen dubu da suka wuce, yammacin Holan fadama ce mai taɓo, ƙasarta ruɓaɓɓen tsiro ne da ya sha ruwa ya kumbura kamar soso. Manoma suka riƙa haƙa magudanai domin ruwan ya tsiyaye su samu gona. Gona ta samu. Sai dai irin wannan ƙasa idan ta bushe takan motse ta lotsa. Shekara bayan shekara gonaki suka yi ta yin ƙasa, har suka koma ƙarƙashin kogin da ake juye musu ruwa a ciki. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu don kansa, dole a ɗaga shi.

Labari mafi daɗewa da aka samu a rubuce na injin iska mai jan ruwa a can, na shekarar 1408 ne, kusa da garin Alkmaar. Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Iska na juya fikafikan, su kuma su juya wani gungumen itace da ya sauko ta tsakiyar ginin, shi kuma ya juya wata babbar ƙafa mai faifai da ke kamfatar ruwa daga magudanar ƙasa tana watsa shi a ta sama. Wanda ya san jigo a lambu ya riga ya san manufar, bambancin kawai a nan iska ce ke yin aikin damtse. Inji ɗaya ba ya ɗaga ruwa fiye da mita ɗaya da rabi, saboda haka idan wurin ya yi zurfi sai a jera uku ko huɗu kamar matakala, wannan ya miƙa wa wancan.

Da wannan dabara suka daina tsayawa a kan gyaran gona, suka koma busar da tafkuna ɗungurungum. Wanda ya fi suna shi ne tafkin Beemster, a arewa da Amsterdam, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 70. Attajiran Amsterdam ne suka zuba jari, kuma cikin masu tsara injinan akwai wani gwani da ake kira Leeghwater. A 1610, aiki ya yi nisa, sai guguwar teku ta fasa jinga, ruwa ya dawo ya cika tafkin kamar ba a taɓa komai ba. Suka sake ɗaura ɗamara. A 1612 tafkin ya bushe da ƙarfin injinan iska fiye da 40, aka yanka shi gonaki. Har gobe ana noma da kiwo a wurin, mita uku da wani abu ƙasa da matsayin teku.

A nan ne ya kamata mu buɗe ido. Kafin su busar da tafkin, sai da suka kewaye shi da jinga, suka haƙa babbar magudana a bayanta ta zagaye shi. Wato kafin su ce wa ruwa tashi, sai da suka yi masa masauki. Daga wannan magudana ruwan ke bin wasu tafkuna da koguna da aka ware musamman domin ajiye shi, har ya isa teku. Kuma akwai doka: idan ruwan ma'ajiyar ya kai wata alama, kowane inji dole ya tsaya, ko da gonar mai shi na nutsewa, domin idan kowa ya ci gaba da turo nasa ruwan, jingar kowa ce za ta fashe. Da tuta da rana, da fitila da dare, ake isar da saƙon daga inji zuwa inji.

Kowane inji kuma yana da mai kula da shi, wanda ke zaune a cikinsa da iyalinsa. Iska ba ta da lokaci. Idan ta taso ƙarfe biyun dare, dole ya tashi ya juya kan injin ya fuskance ta, ya shimfiɗa ƙyallen fikafikai, ya shafa wa haƙoran itace kitse. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, yakan haɗa da ɗan lambu da kamun kifi, amma albashi ne da ake biya, kuma akwai wanda zai tuhume shi idan ya yi barci.

Zamani ya zo ya wuce injin iska. Babban tafkin Haarlem, wanda Leeghwater ya yi mafarkin busarwa da injinan iska, sai a 1852 aka busar da shi da manyan famfuna uku masu aiki da tururi. A kan busasshen gindinsa filin jirgin saman Schiphol yake a yau. Bayan tururi aka koma dizal da lantarki. Injinan iska da suka kai wajen 9,000 a ƙarni na 19, na niƙa da na ruwa duka, yanzu wajen 1,200 suka rage. Guda 19 da ke Kinderdijk, waɗanda aka gina yawancinsu tsakanin 1738 da 1740, sun zama wurin yawon buɗe ido, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1997.

Inji ya canza sau uku ko huɗu. Abin da bai canza ba shi ne majalisun ruwa. Tun kafin a ƙera injin farko, manoman kowane yanki sun riga sun haɗu sun raba wa juna aikin jinga, kowa da rabonsa gwargwadon gonarsa. Majalisar ruwa ta Rijnland tana da takardar amincewar sarauta tun 1255. A wasu yankunan bakin tekun akwai tsohuwar doka mai tsanani: wanda ya kasa gyara rabonsa na jinga sai ya kafa shebur ɗinsa a kai ya bar gonar, wanda ya zare shebur ɗin ya gaji gona da wahalarta. Yau akwai irin waɗannan majalisu 21 a Holan, suna da zaɓensu, suna karɓar harajinsu na kansu. Ƙasar da aka ƙwato daga ruwa bashi ce da ake biya kullum. Ranar da aka daina biya, mai bashi zai dawo.

To, mu dawo gida. Wani zai ce mu da muke bakin Sahara, kan jigawa, ina ruwanmu da ƙwato ƙasa daga ruwa? Ai kuwa muna yi, kullum ma, sai dai ba mu kira shi da wannan suna. Sunansa cike kududdufi.

Kowane tsohon garin Hausa yana da kududdufai. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa, ramin da ya rage kuma ya zama masaukin ruwan damina. Ruwan indararo ya sauka a lungu, lungu ya kai shi kwata, kwata ta kai shi kududdufi. A nan zai kwanta, dabbobi su sha, magina su kwaɓa ƙasa, sauran ya tsuma cikin ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyin unguwa. Kakanninmu ba su karanta injiniyanci ba, amma garin da suka bari yana da ma'ajiyar ruwa irin wadda mutanen Holan suka kashe dukiya suka haƙa.

Yanzu fili ya yi tsada, jama'a ta ƙaru. Sai a fara zuba shara a bakin kududdufi, shekara biyar a zuba ƙasa a kai, a yanka fuloti, a sayar. Wanda ya san birnin Kano shekaru arba'in da suka wuce zai lissafa maka kududdufan da yanzu shaguna da gidaje ne a kansu, kuma abin da ya faru a Kano shi ke faruwa a ƙananan garuruwanmu, sai dai a hankali. Mun kori ruwa ba mu yi masa masauki ba. Shi kuwa ruwa ba ya karanta takardar fili. Idan ya zo ya tarar an gina gida a ɗakinsa, zai shiga gidan, ko ya juya ya shiga na maƙwabci wanda bai ci ko kwabo a cinikin ba. Galibi kuma maƙwabcin nan shi ne mai ginin ƙasa, wanda katangarsa ba ta jure kwana biyu a cikin ruwa. Mai kuɗi ya ɗaga harsashinsa da siminti, talaka ya biya kuɗin.

Mun ga abin da ruwa ke yi idan ya tarar da mutane a kan hanyarsa. A watan Yulin 2018 ambaliyar Jibiya ta hallaka mutane fiye da 40 a dare ɗaya. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada kuma a ɗauka wannan hikima ta Turawa ce kaɗai. A gefen Tafkin Chadi, wajen garin Bol, manoman Kanembu sun daɗe suna datse rassan tafkin da jingar ƙasa tsakanin tsibirai. Ruwan da aka killace ya ƙafe, su shuka alkama da masara a kan laka mai albarka. Idan bayan wasu shekaru gishiri ya fara cin ƙasar, sai su buɗe jingar ruwa ya sake shiga ya wanke ta. Ba su da inji, amma suna da abin da ya riƙe Holan: sun san ƙasar aro suka karɓa, kuma aikin jinga na kowa ne. A ɗaya gefen tafkin kuwa, a Marte ta jihar Borno, gwamnati ta kafa katafaren aikin noman rani da manyan famfuna a shekarun 1970, sai tafkin ya ja baya ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa.

Ko iskar ma mun gwada ta. A Lambar Rimi, kusa da Katsina, an kafa injinan iska 37 domin samar da megawat 10 na lantarki. Tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka fara maganar, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa aikin, a Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, aiki ya tsaya. An shafe fiye da shekara goma ana sa ranar kammalawa ana ɗagawa. Iskar Katsina ba ta yi ƙarya ba, tana nan tana kaɗawa kowane hunturu. Kuma ba sai mun je Rimi ba. A ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da tankunan sola da ke ƙauyukanmu, a ware masu aiki da matattu. Sau da yawa abin da ya kashe famfon ƙaramin ƙarfe ne ko roba da kuɗinta bai kai na tunkiya ba. An kawo inji, ba a naɗa masa mai shi ba.

Mun san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi.

Na farko za su ce kududdufi gidan sauro ne, matattarar ƙazanta, kuma yara na nutsewa a ciki. Gaskiya ne, kuma duk uwar da ta rasa ɗa a kududdufi ba za mu iya kallon idonta mu yi mata wa'azin magudanar ruwa ba. Amma kududdufin da ya zama haka, wanda aka yi watsi da shi ne. Wanda aka kewaye, aka hana zuba shara, aka yashe da rani, aka zuba masa kifi, wani abu ne daban. Idan kuma aka cike shi, ruwan ba ya ɓacewa, yakan rarrabu ya kwanta a lunguna ashirin, kowanne da sauronsa.

Na biyu za su ce Holan ƙasar masu arziki ce. Haka ne a yau. Amma majalisun ruwansu sun girmi arzikinsu da ɗaruruwan shekaru. Manoma ne masu shebur da kwando suka fara su, ba su fi kakanninmu masu gayya kayan aiki ba.

Na uku za su ce wannan aikin gwamnati ne, me ya sa za a ɗora wa talaka? Babbar magudana da kwalbati da dam aikin gwamnati ne, kuma dole mu ci gaba da tambayar ƙaramar hukuma da jiha ina aka kwana. Sai dai babu gwamnatin da za ta zo ta cire ledar da ta toshe kwatar ƙofar gidanmu, kuma jama'ar da ta san adadin kududdufanta da famfunanta ta fi iya riƙe wuyan rigar ɗan siyasa fiye da wadda ke jiran buhun shinkafa.

Ba kuma muna cewa duk abin da aka yi a Turai abin koyi ba ne. Busar da tafki yana da waɗanda yake kashe wa sana'a. A gabashin Ingila, lokacin da injiniyan Holan Cornelius Vermuyden ya jagoranci busar da fadamu a ƙarni na 17, masunta da mafarautan da suka rayu a kansu sun yi ta fasa jingogin da dare, domin an ba manya ƙasar an bar su hannu rabbana. Mu ma muna da Bakolori, inda a 1980 aka zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyyar gonakinsu. Duk aikin ruwan da aka yi ba da shawarar masu wurin ba, rigima ce aka shuka. Su kansu mutanen Holan sun sassauta. Bayan kogunansu sun cika sun kusa ɓallewa a 1993 da 1995, har aka kwashe mutane kusan 250,000, sai suka fito da shirin ja da wasu jingogi baya, suka mayar wa kogi wani ɓangare na filin da suka ƙwace. Idan masu shekara 600 suna fafatawa da ruwa sun yarda su ba shi wuri, mu da wane ƙarfi za mu hana shi?

Abin da muke kira a yi ba ya buƙatar kwangila.

Kowace unguwa ta zauna da mai unguwarta a rubuta kududdufai da hanyoyin ruwan da ke cikinta, na yanzu da waɗanda aka riga aka cike. Dattawa sun san inda ruwa ke bi a shekarar da aka yi babbar damina, kuma wannan sani yana tafiya kabari ɗaya bayan ɗaya. A kai takardar ga dagaci da hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi a hannun jama'a.

A kafa ƙa'ida cewa ba mai cike kududdufi ko gini a kan hanyar ruwa sai ya nuna wa maƙwabta inda ruwan zai koma. Masarautar Daura tana da bakin da idan ta faɗi wannan za a ji, kuma masu unguwanni ne shaidun yawancin cinikin fili.

Kowane famfo da kowace rijiyar burtsatse a naɗa mata mai kula, da suna, da ɗan abin hasafi a wata. A buɗe asusu, kowane gida ya riƙa sa abin da aka amince, a rubuta a littafi, a karanta lissafin a bainar jama'a. A sa mata a cikin masu riƙon asusun, domin su da 'ya'yansu ne ke fara sanin ranar da famfo ya mutu.

Sannan a dawo da gayyar yashe magudanai a watan Mayu, kafin ruwan farko, a sa mata rana tsayayya kamar ranar kasuwa.

Mu 'yan ƙasar Daura tarihinmu ma da rijiya ya fara. Kowane yaro ya san labarin Kusugu, da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo ya kashe shi. Wataƙila shi ya sa har yanzu muke zuba ido ga hanya muna jiran wani baƙon ya zo da takobi, ko da inji. Amma rijiyar Kusugu ba don an kashe maciji take nan har yau ba. Tana nan ne domin a kowane zamani an samu waɗanda suka yashe ta, suka gyara bakinta, suka hana a mayar da ita juji.

Damina na tafe. Kowa ya leƙa bayan gidansu ya duba: kududdufin da ya sani yana yaro, yana nan? Idan ba ya nan, ina ruwansa yake zuwa yanzu, kuma gidan wa yake shiga?